Hannun da Ke Kan Sitiyari

Kowa a garin Tallow Gap ya san Orvil Stiles ba ya kallon talabijin ranar Juma'a. Da an gama cin abincin yamma, matarsa Dovie ta ja kujerarta gaban akwatin, sai shi ya ɗauki hularsa ya koma baranda ya juya wa ƙofa baya. To amma taga a buɗe take, komai a kunnensa ake yi: ƙarar tayoyi, jiniyar 'yan sanda, ɗan shirun da ake yi idan koriyar motar nan ta tashi sama za ta tsallake rafi, sannan dariyar Dovie. Dariyar ce ta fi ci masa rai.

Shirin ya cika Amurka. Samari ne masu fararen haƙora, wai su masu safarar barasar masara ne daga duwatsu, kowane mako su wahalar da hukuma su tsira ba ko ƙwarzane. Yara na sa riguna masu hoton motar. Abin da yawancin masu kallo ba su sani ba shi ne, an ciro shirin ne daga wani ƙaramin fim da aka ɗauka a kwarinmu shekara goma da wani abu da suka wuce. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Ko garinmu bai iso ba, ya ɗan zaga wasu gidajen sinima na can nesa ya mutu murus.

Lokacin da masu fim ɗin suka zo, taurarinsu ba su iya ko juya mota a hanyar dutse ba, sai suka shiga cigiyar direba. Duk wanda suka tambaya sai ya nuna musu gidan Orvil da haɓa. Tun yana saurayi yake sauko da barasa a ɓoye daga dutse zuwa birane, kuma ma'aikatan haraji ba su taɓa ganin komai nasa ba sai bayan mota. Suka ɗauke shi, suka haɗa da Burl Hensley, ɗan kawunsa, wanda shi ma ya taɓa sana'ar amma bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Aka sa musu riga irin ta tauraron, aka ce su tuƙa, fuska kuwa ta wani ce za a nuna.

Orvil ne ya tsallake rafin Caney da mota a inda gada ta karye. Burl ya je ya leƙa wurin, ya dawo ya ce shi yana da uwa tsohuwa. Orvil ya tsallake, motar ta dira, wani abu ya ce ƙas a bayansa. A kan ƙyauren ƙofa aka kai shi gida, ya yi makonni a kwance, kuma har yau idan zai ɗaure takalmi sai ya nemi abin dafawa.

Da shirin talabijin ya yi tashe, baƙi suka fara ɓullowa garinmu da kyamarori suna neman inda abin ya samo asali. Gidan man Burl ne na farko a bakin titi, nan suke tsayawa. Burl kuwa ba a ba shi baƙo sau biyu. Kafin a ce haka har ya sa an rubuta allo an kafa a saman kantinsa, wai a nan direban fim na asali yake. A yi masa adalci, bai taɓa buɗe baki ya ce shi ya yi tsallen ba. Idan aka tambaye shi sai ya shafa tumbi ya yi dariya ya ce, "Ai a lokacin ƙashina da ƙwari." Sauran kuma baƙi su ƙarasa da kansu.

Orvil ya fi kowa sanin dokar sana'arsu: mai safara ba ya magana. Ubansa ya mutu ba a taɓa jin ya ambaci kalmar barasa ba, ko a gaban matarsa. Saboda haka ya ja bakinsa ya yi gum, hassada kuwa tana cin sa a ciki. Ba kunya ba ce a faɗa, hassada ce tsagwaronta. Ya daina shan mai a wurin Burl, ya gwammace ya tafi har garin gaba. Ranar da wata jarida ta buga hoton Burl ya jingina da mota yana washe baki, Orvil ya yanke hoton ya shimfiɗa wa kaji a akurki.

"Kai dai ka cika sa wa kanka damuwa," in ji Dovie. "Wanda ya sani ya sani."

"Wa ya sani? Jikan Fasto ya tare ni a coci yana tambayata wai ko na taɓa shiga motar Baba Burl."

"Yaro ne."

"Ke ma ai dariya kike yi idan yana zuba ƙaryarsa."

"Burl ko wa'azi yake sai an yi dariya. Haka Allah ya yi shi."

Wannan amsa ba ta yi wa Orvil daɗi ba ko kaɗan.

A shekarar ne dattawan gari suka ga ya kamata mu ma mu ci moriyar abin, aka shirya biki, za a yi jerin gwanon motoci da gasar kiɗan goge, kuma Burl ne zai hau motar gaba yana ɗaga wa jama'a hannu. Tun da dokar sana'a ta hana Orvil magana, sai ya yanke shawarar fim ɗin ya yi magana a madadinsa. Ya tuna sarai an kafa kyamara a ɗaya gefen rafin, daidai inda ya dira. Ya tabbata duk wanda ya ga wurin zai gane fuskarsa ta gilashi.

Ya shiga nema. Ya bi tsofaffin gidajen sinima na tsallaken dutse ɗaya bayan ɗaya, da ciwon bayansa da komai, har ya dace da wata gwauruwa a wani gari na jihar Tennessee wadda mijinta ya mutu ya bar mata rumbu cike da gwangwanayen fim. Ta ce ya kwashe, dama ɓeraye ne ke kwana a kai. Ya kawo su gida ya jera a kan teburin cin abinci kamar wanda ya dawo daga farauta da barewa.

Dovie ta tsaya tana kallonsu, hannunta cikin garin masara.

"Me za ka tono a cikin wannan, Orvil?"

"Abin da yake nawa."

"Ba wanda ya ƙwace maka komai."

"To a kalla mana. Mene ne abin tsoro?"

Ta ci gaba da kwaɓinta.

Washegari da hantsi sai ga motar Burl a ƙofar gida, shi da ya shekara bai tako ba. A duk garin shi kaɗai ya taɓa ganin fim ɗin, domin ya je birnin Atlanta lokacin da aka fara nuna shi. Ya sami Orvil a bayan gida yana gyaran shinge.

"Ɗan Goggo, an ce ka zama mai majigi."

"An faɗa maka daidai."

"Wallahi fim ɗin ba shi da kyau. Rabin mutanen da ke ɗakin barci suka yi. Ni ma don na kashe kuɗin mota ne na daure."

"To sai mu yi barcin tare."

Burl ya cire hula ya sosa kai. Babu dariyar nan tasa. "Orvil, ka bar abin nan ya kwanta. Idan allon ne, yau ɗin nan zan sauke shi. Ka hau motar gaba, ni in bi ka a baya da ƙafa ina kaɗa ganga. Amma ka bar fim ɗin."

Daɗi ya kama Orvil har cikin ƙashi. Bai taɓa ganin ɗan kawunsa yana roƙo ba. Ya buga ƙusa, ya duba ta, ya sake bugawa, sannan ya ce, "Ka bar allonka inda yake. Ina so jama'a su karanta shi a hanya kafin su shigo kallo."

Ranar Asabar ɗin biki da la'asar aka taru a ɗakin taron makaranta. An toshe tagogi da barguna, an rataye zanen gado a bango, malamin kimiyya ne ke juya na'ura. Gari ya fito kaf, har Goggo Ozella Crisp da ta haura tamanin, wadda kunnenta ya yi nauyi saboda haka duk abin da ta faɗa sai na bayan ɗaki ya ji. Orvil ya sa rigarsa ta zuwa coci ya zauna a layin gaba, Dovie a gefensa. Burl ya tsaya can baya kusa da ƙofa.

Gaskiyar Burl ce, fim ɗin ba shi da kyau. Amma mu ba labarin muke kallo ba. Kowa neman rumbunsa yake da karensa da kakarsa da ta rasu. Ana ta nuni ana shewa: ga alfadarin su wane, ga tsohuwar majami'a kafin gobara. Orvil bai ga ko ɗaya ba, rafi kawai yake jira.

Can wajen ƙarshe aka fara tseren. Kyamara tana cikin mota a bayan kafaɗar direba, ba a ganin komai nasa sai hannun riga da hannu a kan sitiyari. Ta gilashi aka hango kantin Pruitt yana matsowa, mata sun cika barandarsa.

To mu a nan, gaisuwar mai tuƙi tana da ƙa'ida, kuma ba wanda ya koya mana, tashi muka yi muka gan ta. Ba a sakin sitiyari. Duk wanda ka haɗu da shi a hanya, ko baƙo ne ko wanda kuke shari'a da shi, ka ɗaga masa yatsa ɗaya. Ɗan'uwa ko amini, yatsu biyu. Amma ka ɗauke hannu gaba ɗaya ka buɗe tafi, wannan mace ɗaya ake yi wa, kuma duk wanda ya gani ya san ko an sa rana ko ana shirin sawa. Mai fim ɗan birni bai san haka ba. Shi dai ya ga abu ya yi kyau, ya bar shi a ciki.

Motar ta zo daidai kantin. Hannun ya tashi daga sitiyari gaba ɗaya, tafin ya buɗe, ya tsaya a haka. Sai fuskar Dovie ta cika zanen gadon daga sama har ƙasa, da shuɗiyar rigarta, gashinta baƙi wuluk ba furfura ko ɗaya. Ta ga hannun. Fuskarta ta yi ja, ta kai yatsunta wuya, ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago ta bi motar da ido tana wani murmushi da ba na gaisuwa ba.

Nan take hoto ya koma bakin rafi. Motar ta tashi, ta dira, ƙura ta turnuƙe. Ba fuska, ba hula, ba komai. Ko uwar da ta haifi direban ba za ta gane shi ba.

Orvil bai ma san an yi tsallen ba. Hankalinsa ya tsaya a kantin. Shi bai taɓa wucewa da motar fim ta gaban kantin Pruitt ba. An ɗauki wurin ne bayan tsallen, yana kwance a gida ko juyi ba ya iyawa. Ya tuna ranar. Dovie ta kawo masa kofi ta ajiye a kan kujera kusa da gado, ta ce matan coci za su je a ɗauke su hoto, ba za ta daɗe ba. Ya tuna har ya yaba rigar. A duk makonnin nan direba ɗaya ne ya rage wa masu fim.

Muryar Goggo Ozella ce ta ratsa ɗakin. "To ai wannan Orvil ne. Wa zai buɗe wa Dovie tafi a tsakiyar gari in ba mijinta ba? Dama ni na san Burl ko kwata ba zai tsallake ba."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Aka kunna fitila, kowa ya waiwaya baya. Akwai tsofaffi biyu ko uku da na ga sun sunkuyar da kai suna duban takalmansu, domin su ba su manta wanda ke kwance a lokacin ba. Sauran kuwa Burl suke jira.

Burl ya dubi Orvil. Bai dubi Dovie ba, kuma Orvil ya lura da irin ƙoƙarin da ya yi kafin ya hana idonsa zuwa wurin. Sannan ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda aka ritsa da bindiga, ya saki dariyar nan tasa.

"An kama ni, jama'a. Ɗan Goggo ne ya tuƙa, tun daga farko har ƙarshe. Ni aikina wanke gilashi."

Aka kaure da tafi. Maza suka yi layi suna girgiza hannun Orvil, suna dukan bayansa daidai inda yake ciwo. Fasto ya ce tawali'u irin wannan sai a Littafi. Mata suka kewaye Dovie suna tsokanarta, wai ashe haka tsohon yake da zaƙin hannu ba su sani ba. Ita dai tana tsaye ta riƙe jakarta da hannu biyu. Shugaban biki ya hau kujera ya sanar cewa Orvil ne zai hau motar gaba gobe, kuma daga bana duk shekara da wannan fim za a buɗe biki.

Orvil yana iya tsayar da su da magana ɗaya. Ya ji ta a bakinsa. Amma idan ya ce ba hannunsa ba ne, ya mayar wa Burl da tsallen, ya kuma miƙa sunan matarsa ga duk wani shagon aski da ke gundumar. Ya haɗiye, ya ci gaba da miƙa hannu ana girgizawa.

A hanyar gida rana tana gab da faɗuwa. Sun wuce gidan man Burl, har an sauke allon an jingina shi da bango, rubutun na kallon ciki. Sai da suka hau hanyar tsakuwa Orvil ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Kin san ba ni ba ne."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Dovie, kada ki mai da ni yaro."

Ta ajiye jakar a kan cinyarta. "Hannu ya ɗaga, na gani, na ji daɗi. Iyakarta ke nan. Bai taɓa faɗa mini wata magana ba, kafin ranar ko bayanta, ni ma ban taɓa ba shi fuska ba. Da aka gama na dawo gida na juya ka, na canza maka zanen gado. Idan kana so in dafa Littafi in rantse, sai in dafa."

Ya yarda da ita, kuma abin haushin ke nan. Da ƙarya ta yi da ya sami abin kamawa, ya yi faɗa, ya fasa wani abu, ya huce. Kishin da ya taso masa yanzu ba irin na allo da jarida ba ne. Wancan ashe wasa ne. Wannan kuwa a kan abin da ya wuce ne tun gashinsu bai yi fari ba, ba wanda zai kama ya shaƙe.

"Ni ban taɓa ganin wannan fuskar ba," in ji shi. "Shekara nawa muna tare, ban taɓa ganin kin kalle ni haka ba."

Dovie ta dubi gonakin taba da ke wucewa. Da ta amsa, ba da faɗa ta amsa ba.

"Na kalle ka haka, Orvil, kafin aure. Kai ne dai tun ranar da aka ɗaura, idan ka wuce ni a hanya yatsa ɗaya kake ɗaga mini, irin wanda kake ɗaga wa mai kawo wasiƙa."

Ya buɗe baki zai musa, ya laluba cikin shekarun nan duka yana neman rana ɗaya da zai kafa hujja da ita, bai samu ba. Suka ƙarasa gida. Ta sauka ta shiga ta ɗora wake a wuta, shi kuwa ya daɗe a cikin motar bayan ya kashe inji.

Washegari ya hau motar gaba, yara na binsa a guje suna kiran sunansa. Yanzu hotonsa ne a bangon ɗakin taro, kuma gidansa ake nuna wa baƙi. Burl bai sake ba da labarin fim ba, ko an tsokane shi sai ya ce a je a tambayi mai abin. Duk shekara kuma idan biki ya zagayo, a toshe tagogi, a rataye zanen gado, a zaunar da Orvil da Dovie a layin gaba. Jama'a sun haddace fim ɗin, sun san inda suka fi so. Da kantin Pruitt ya ɓullo sai ɗaki ya fara shewa, idan hannun ya tashi a yi ta tafi ana juyowa ana kallon Orvil, shi kuma dole ya ɗaga kai ya kalli fuskar matarsa har a gama nuna ta.